Ledar Da Kika Jefar, Alhakinta Na Wuyan Wa?

  

Ina da wata tunkiya da na saya da kuɗin adashe. Shekara biyu ina kiwonta, ta haifa mini sau biyu, kuma da ragonta na farko na yi wa babbar 'yata kayan makaranta. Bara da bazara sai ta fara ramewa, ciki kuma ya kumbura kamar mai ɗauke da tagwaye. Dusa ba ta ci, harawa sai ta shinshina ta kau da kai. Muka yi jiƙe-jiƙe, muka sayo maganin tsutsa, duk a banza. Da maigida ya ga za ta mutu mushe, sai ya kira mahauci aka yanka. Ko da aka farke tumbinta, wallahi sai da na riƙe baki: dunƙulen leda ne baƙa da fara, sun nannaɗe da juna kamar igiyar guga, har sun cika kwanon sha. Mahaucin nan ko a jikinsa, ya ce, "Malama, wannan ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu."

Ranar na wuni ina mita. Na zagi ƙazantar unguwa, na zagi masu shago, na zagi yaran da ke shan fiya wata suna yar da ledar a hanya. Ina cikin wannan sai 'yata, yarinya 'yar shekara tara, ta ce, "Umma, ai mu ma bayan katanga kike cewa in kai shara." Na yi shiru, don ban da amsa.

Bayan 'yan kwanaki na ba da wannan labari a ajinmu na matan aure. Wata dattijuwa daga cikin ɗalibaina, wadda ta haife ni, ta gyara mayafi ta ce, "Ke ɗiyata, leda guda mi za ta yi ma duniya? Ni na yasar, iska ya ɗauka, ban san inda ta tafi ba, kuma ban nufi kowa da sharri ba. Shi ma wanga Allah zai tambaye ni?" Aji ya yi dariya, amma ni ban yi ba, domin tambayar Inna ta fi ƙarfin dariya. Idan kika duba da kyau za ki ga uzuri uku ne ta haɗa a cikin magana ɗaya: ban ga cutar ba, ba ni kaɗai ba ce, kuma ban yi niyya ba. A kan waɗannan uku nake so mu yi nazari tare.

Ban ga inda ta tafi ba

Mu fara da bin sawun ledar. Ba ta ruɓewa kamar ganye ko ɓawon gyaɗa ko tsohuwar tabarma. Rana da iska suna sa ta ta yi rauni ta ɓarɓashe, ta zama ƙananan gutsattsari, amma gutsattsarin suna nan shekara da shekaru. Don haka duk ledar da ta bar hannunki, akwai inda take a yanzu.

Wata tana cikin tumbin akuyar maƙwabciyarki. Kin san mu mata, dabba ita ce bankinmu. Da ita ake kai yaro asibiti, da ita ake haɗa kayan ɗakin yarinya. Da rani, lokacin da ciyawa ta ƙare, dabbobin da aka saki suna bin bola, suna haɗiye leda saboda ƙanshin gishiri da mai da ke jikinta. Cikin dabba ba ya narkar da ita, sai ta yi ta taruwa har ta toshe wurin abinci, dabbar ta mutu da yunwa alhali cikinta a cike.

Wata tana cikin kwata. Ta tare ruwa, ruwan ya kwanta ya yi ɗoyi, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke. Idan damina ta yi ƙarfi kuma, ruwan da ya rasa hanya sai ya nemi gindin katangar ƙasa, ya jiƙa ta har ta zube. Wata ledar kuma tana gona, domin takin da ake kwasa daga bola a kai gona a kan jaki ko a kura, yanzu cike yake da leda, manomi yana huɗa tana naɗe masa garma.

Wadda ta tsira daga duk waɗannan, ruwan sama ne ke ɗaukarta. Mu a nan Sakajiki da yawa daga cikinmu ba su taɓa ganin teku ba, amma ruwanmu ya san hanyarta. Ruwan da ya sauka a ƙasar Ƙaura Namoda yana bin rafuka ya faɗa gulbin Gagare. Na ɓangaren Zurmi yana bin Bunsuru. Waɗannan biyu su ne manyan rassan da ke ciyar da gulbin Rima. Rima ya bi ta madatsar Goronyo, ya haɗu da gulbin Sakkwato, su wuce ta Argungu da Birnin Kebbi su zuba a kogin Neja, wanda muke kira Kwara. Daga nan sai Yawuri, sai madatsar Kainji da ta Jebba, sai Lakwaja inda ya haɗu da Binuwai, har ya je ya zuba a tekun Atlantika. Ba kowace leda ce ke kammala wannan doguwar tafiya ba. Da yawa suna maƙalewa a fadama, ko cikin yashi, ko bayan madatsun ruwa. To amma duk inda ta tsaya, gonar wani ce, ko mashayar dabbar wani, ko wurin sun wani masunci.

A shekarar 2015 wasu masana a Amurka suka ƙiyasta cewa a shekarar 2010 kaɗai, robar da ta shiga teku daga doron ƙasa ta kai tsakanin tan miliyan 4.8 zuwa miliyan 12.7, kuma a jerin ƙasashen da sharar robarsu ta fi rashin kulawa Nijeriya ce ta tara. A 2017 wasu masanan a Jamus suka lissafa koguna goma da suka fi kwasar roba zuwa teku, takwas a Asiya, biyu a Afirka, wato Nilu da Neja. Wani binciken da ya fito a 2021 ya nuna cewa lamarin ya fi haka bazuwa, koguna sama da 1,000 ne ke ɗaukar mafi yawan kayan, musamman ƙananan da ke ratsa biranen bakin teku. A can cikin teku, kunkuru yana haɗiye farar leda yana zaton abinci ne, tsuntsaye da kifaye suna cin gutsattsarinta. Abin da ya faru da tunkiyata shi ke faruwa da su, sai dai su babu mahaucin da zai farke cikinsu ya nuna wa mai laifi.

Abin bai tsaya ga dabbobi ba. A ƙarshen 2020 likitoci a birnin Rum na Italiya suka ba da rahoton samun ƙananan ƙwayoyin roba a cikin mabiyiyar wasu mata da suka haihu, a 2022 kuma masana a Holan suka same su a jinin mutum 17 cikin 22 da aka gwada. Wato abin da muka watsar ya fara dawo mana ta ruwa da abinci da iska.

Mu mutanen Zamfara bai kamata a yi mana dogon bayani a kan cutar da ido ba ya gani ba. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, an riƙa daka duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar dalma tana sauka a ƙasan da yara ke rarrafe. Babu uwar da ta ga gubar da idonta, amma yara kimanin 400 suka rasu. Ban ce leda da dalma ɗaya suke a ƙarfin kisa ba, nesa ba kusa ba. Abin da nake so ki ɗauka shi ne, rashin ganin cuta bai taɓa hana ta aukuwa ba. A cikin Suratur Rum, aya ta 41, Allah Maɗaukakin Sarki ya ba mu labarin bayyanar ɓarna a tudu da kuma teku, ya jingina ta ga abin da hannayen mutane suka aikata. Duk lokacin da na karanta wannan aya yanzu, sai in tuna hanyar nan daga Gagare zuwa Atlantika.

Ba ni kaɗai ba ce

Wannan uzuri ya fi na farko daɗin faɗi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa. Lalle ledarki guda ba ita ce ta toshe kwata ba. Idan kika daina yarwa yau, gobe da safe unguwa ba za ta sake kama ba. To mene ne amfanin dainawar?

Bari in ba ki misali. A ce mata ɗari suka haɗu gidan biki, kowace ta ɗebi cokali ɗaya daga buhun sukarin amarya ba da izini ba, har buhu ya ƙare. Idan uwar amarya ta fito tana kuka, wa ya cinye mata sukari? Kowace za ta ce, "Haba, cokali ɗaya ne fa." Amma sukari dai ya ƙare, kuma ba aljanu ne suka ɗebe ba. Yawan masu laifi yana sa a rasa wanda za a nuna da yatsa a duniya, amma ba ya mayar da rabon kowace ya zama ba komai ba. Da yayyafi kogi kan cika. Kuma ayoyi biyu na ƙarshen Suratuz Zalzala, waɗanda yaranmu ke haddacewa tun suna ƙanana, sun koya mana cewa ma'aunin lahira ba ya raina aiki don ƙanƙantarsa, na alheri ne ko na sharri.

Abin lura a nan shi ne, mun yarda da wannan ƙa'ida idan ta zo ta fuskar lada. Ba wadda ke cewa naira hamsin ɗin da ta saka a asusun ginin masallaci ba ta da amfani don ba ita ce ta gina shi ba. Kowa na fatan a rubuta mata rabonta. To don me idan aka zo fuskar ɓarna sai mu ce namu bai isa a ƙirga ba? Ma'aunin ai guda ne.

Akwai kuma wata matsala da ta fi wannan zurfi, wato inda muka ja wa tsafta iyaka. Matan ƙasar nan ba ƙazamai ba ne. Shiga ɗakin kowace, za ki ga kwanuka na ƙyalli, gado a gyare, turaren wuta na tashi, tsakar gida an share tun da asuba. Amma da an tattara sharar sai a miƙa wa yaro, a ce ya kai waje. Wajen nan ina ne? Ƙofar gidan wani ce, ko filin da yaran wani ke wasa, ko kwatar da ke bi ta bayan ɗakin wata. Ashe ba mu kawar da ƙazantar ba, mun dai canza mata mai ita. Mun ɗauka hanya ba ta kowa ba ce, alhali ta kowa da kowa ce, wanda ya ɓata ta kuwa ya taɓa haƙƙin duk wanda zai bi.

Littattafan da muke karantawa a Islamiyya, Ahalari da Ishmawi da Risala, kowane ya yi mana bayanin tsarki da hukuncin ruwa, shi ya sa muke kaffa-kaffa da najasa. Leda kuwa ba najasa ba ce, kina iya salla da ita a aljihu, wannan ne ya sa zuciyarmu ba ta ƙyamarta. Amma babinta daban ne, babin haƙƙin maƙwabci da haƙƙin hanya da haƙƙin dabba. A hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito, an ƙirga kawar da abu mai cutarwa daga hanya cikin rassan imani. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da aka gafarta wa don ya janye reshen ƙaya daga hanya, sun kuma ruwaito na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure har ta mutu da yunwa. Idan ɗauke ƙaya daga hanya yana jawo gafara, mai zuba ta fa? Ina jin kowace za ta iya ba kanta amsa.

Ban yi niyya ba

Gaskiya ne ayyuka suna tafiya da niyya, kuma babu mai jefar da leda da nufin kashe tunkiyar wata. Wanda bai sani ba yana da uzuri. Kakanninmu sun saba watsa shara bayan gida ba tare da laifi ba, don sharar zamaninsu ganyen kalgo ne da aka ƙunshe daddawa, da fasasshiyar ƙwarya, da toka, da tsohon faifai. Damina ɗaya ta isa ta mayar da su taki. Mu mun gaji ɗabi'ar watsarwa, amma kayan da muke watsarwa sun canza. Inna ba ta yi ƙarya ba da ta ce ba ta nufi sharri ba, hannunta ne ya saba tun zamanin ganye.

Sai dai uzurin rashin sani yana ƙarewa ranar da aka sani. Matar da ta bar rijiya a buɗe a tsakar gida mai yara ba ta yi niyyar kowa ya faɗa ba, amma in ya faɗa ba za ta ce ba ruwanta ba. Tsakanin ganganci da kuskure akwai wani abu da ake kira sakaci, kuma a nan mafi yawanmu muke. Hadisi na 32 a cikin Arba'una Hadis, wanda ke hana cuta da cutarwa, malamai sun gina babbar ƙa'ida a kansa, cewa cuta kawar da ita ake yi. A kan irin wannan tushe ne Majalisar Malaman Indunusiya, ƙasar da ke da ɗimbin Musulmi da dubban tsibirai, ta fitar da fatawa a 2014 cewa zubar da shara barkatai haramun ne.

Uzurin da ya fi nauyi

Yanzu bari in kawo maganar da na san tana zuciyar da yawa daga cikinku, don ni ma ta tsaya mini. Wata za ta ce, "Malama, ki ji tsoron Allah. Mutanen Zurmi da Shinkafi da ƙauyukanmu sun sha kwana ido biyu saboda 'yan bindiga, wasu sun bar gonakinsu, wasu suna gudun hijira a gidajen dangi, kwanon masara ya gagari talaka, ke kuma kin zo kina zancen leda?" Wata kuma ta ce, "In na bar fiya wata me zan sha? Famfo ne da ni?"

Wallahi ban raina wannan magana ba. Rai ya fi leda, kuma matar da ba ta da tsaftataccen ruwa sai na leda, ta sha abinta, don amai da gudawa sun fi saurin kisa. Haka kuma babban kaso na alhakin yana wuyan waɗanda suka fi mu ƙarfi: masana'antun da ke yin abin da suka san minti biyar za a yi amfani da shi a yar, da hukumomin da aikinsu ne su tanadi wurin zuba shara da motar kwasa. Wani ƙiyasi na 2017 ya nuna cewa daga 1950 zuwa 2015 an yi roba tan biliyan 8.3 a duniya, kuma cikin wadda ta zama shara kashi 9 cikin 100 kacal aka sake sarrafawa. Ba matar Sakajiki ce ta tsara wannan ba. Ƙasashen da suka ga canji, doka ce ta taimaka musu: Bangaladash ta hana siririyar leda a 2002 bayan an gano yadda take toshe magudanan ruwa lokacin ambaliya, Ruwanda ta hana a 2008, Kenya a 2017, Jihar Legas kuma ta hana fararen robobin zuba abinci masu kama da soso a Janairun 2024. Ƙasashen duniya sun amince a Nairobi a 2022 cewa za su yi yarjejeniya a kan sharar roba, amma zaman da aka yi a Busan a ƙarshen 2024 da na Janiba a Agustan 2025 duk an tashi ba a daidaita ba.

To amma ki duba wa cutar ke faɗawa. Mai kuɗi dabbarsa a ɗaure take tana cin dusa, gidansa na siminti ne, tagoginsa da raga. Akuyar talaka ce ke bin bola, katangar talaka ce ke zubewa, ɗan talaka ne sauro ke kwantarwa. Matar da aka kore wa shanu, akuya ɗaya ta rage mata, ita ce ta fi kowa buƙatar kada akuyar nan ta ci leda. Don haka zancen leda zancen talaka ne. Kuma akwai bambanci tsakaninsa da sauran masifun da ke damunmu: ni da ke ba mu da ikon tsare hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi, ba mu da ikon sauke farashin hatsi, amma abin da zai fita daga tsakar gidanmu yana hannunmu. Allah ba ya kallafa wa rai abin da ya fi ƙarfinta, sai dai wanda ke cikin ƙarfinta ba a ɗauke mata shi ba. Laifin babba kuma ba ya wanke ƙarami, kowa da nasa littafin.

Masu kwashe abin da ba su zubar ba

Akwai wasu bayin Allah da suka wuce matakin daina ɓarna, suka shiga gyara ta wasu. A 1986 aka fara wani aikin sa kai na share bakin teku a jihar Tekzas ta Amurka, ya bazu har ya zama ana yin sa duk watan Satumba a ƙasashe sama da 100. A birnin Mumbai na Indiya, wani lauya mai suna Afroz Shah ya fara tsince shara a bakin tekun Versova a watan Oktoban 2015, shi da wani tsoho maƙwabcinsa mai shekara 84. Mutum biyu kawai. Mako bayan mako mutane suka riƙa shiga har suka zama dubbai, aka kwashe dubban tan na shara, Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama shi a 2016, a watan Maris na 2018 kuma aka ga 'ya'yan kunkurun teku sun ƙyanƙyashe a wurin.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Isatou Ceesay, wata mata daga ƙauyen Njau a ƙasar Gambiya. Su ma awakinsu mutuwa suke yi saboda leda. A 1997 ita da wasu 'yan mata ƙalilan suka fara tattara ledoji suna wankewa, suna yanka su zare-zare, suna saƙa jakunkuna da ƙwarashi suna sayarwa. An yi musu dariya da farko, daga baya aikin ya zama sana'ar ɗaruruwan mata. Gambiya ta hana leda a 2015.

Me zai sa mutum ya sunkuya ya ɗauki ƙazantar da ba shi ya zubar ba? A ido kamar rashin adalci ne, wani ya ɓata wani ya gyara. Amma mu Hausawa mun san wannan tun da daɗewa, sunansa gayya. Da gayya ake nome gonar marar lafiya, da gayya ake yashe rijiya, ake gyara maƙabarta. Mai zuwa gayya ba ya tambayar wa ya jawo, yana duba abin da zai faru in kowa ya naɗe hannu. Iyayenmu sun ba mu labarin duba-gari, wasunmu kuma sun ji labarin sharar Asabar ɗin ƙarshen wata da gwamnatin soja ta kawo a tsakiyar shekarun 1980. Waɗancan da tsoron tara ake yi, shi ya sa da tsoron ya kau sai aikin ya yi sanyi. Wanda ake yi don Allah ba ya jiran mai sanda. Ki tuna baƙar matar nan da ke share masallacin Manzon Allah Sallallahu Alaihi Wasallama. Ta rasu aka binne ta ba a sanar da shi ba, kamar an raina sha'aninta. Da ya rasa ganinta ya tambaya, ya sa aka nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. Mai shara ce fa.

Sai dai su kansu masu share bakin teku sun san cewa igiyar ruwa tana sake kawo wata sharar bayan sun tafi. Kwasa ita kaɗai kamar tsane ɗaki ne rufi na yoyo. Gyaran gaske yana wurin da ledar ke fitowa, kuma ɗaya daga cikin wuraren nan shi ne madafinki.

Abin da ke hannunki

Ba na cewa ki ɗauki tsintsiya ki fita titi. Mafi yawanmu muna cikin gida ne, kuma a nan ƙarfinmu yake, don kusan duk ledar da ke yawo a gari ta ratsa hannun wata mace kafin ta fita.

Idan za ki aiki yaro sayen koko ko ƙosai ko manja, ba shi kwano mai murfi ko kwalba, kamar yadda aka yi mana muna yara. Ki ɗinka jakar cefane da ragowar atamfa ki ba maigida ko yaron da ke zuwa kasuwa. Alala ki dafa a gwangwani ko ƙananan kwanuka, tuwo ki kwashe a kwano ko kula, don abinci mai zafi da mai ba abokin leda ba ne. Ki daina hura wuta da leda. Na san tana kama itace da sauri, amma hayaƙinta guba ne, kuma ke da goyon da ke bayanki kuka fi kowa shaƙa. Ƙirare da ɓawon gyaɗa da totuwa sun ishe ki.

Ki rataye buhu guda a gefe, duk ledar da ta shigo gida a jefa ciki, kada ta haɗu da toka da ragowar abinci da za su tafi gona. Mai kyau a wanke a sake amfani da ita. Fasassun robobi da tsofaffin silifa a ajiye wa masu saye da ke zagayawa. Wadda ba ta da sauran amfani a danna ta a buhu a ɗaure baki, a kai inda aka keɓe, don kada iska da dabba su samu. In unguwarku ba ta da wurin da aka keɓe, wannan magana ce da za ki kai wa maigida cikin hikima, shi kuma ya kai wa liman da mai unguwa. A biki da suna, mu rage rabon abinci leda cikin leda, kowace ta zo da kwanonta kamar da. Mu malamai kuma mu sa ɗalibai su tsince harabar makaranta da kwatar gabanta kafin ruwan farko ya sauka, mu gaya musu dalili, kada su ɗauka horo ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Inna ta dawo aji bayan mako biyu da wata tsohuwar jakar saƙa a hannu, ta ɗaga ta ce, "Ga shi nan, ɗiyata, na bar amsar leda wurin mai kayan miya. Amma jikokina ba su ji." Na ce mata, "Inna, naki kin sauke, su ma a yi ta faɗa musu." Ni kuma na sake sayen wata 'yar tunkiya, tana nan a ɗaure, buhun ledarmu yana rataye a bakin madafi, kuma ban ƙara cewa 'yata ta kai shara bayan katanga ba.

Allah ya yafe mana abin da muka yi cikin rashin sani, ya ba mu ikon aiki da abin da muka sani, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu.